Daga Kaladan Zuwa Dalet: Yaƙin da Aka Yi Domin Filin Jirgi Biyu

Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san barikin Dalet da ke Kawo, ya kuma sha jin Kalapanzin. Zariya tana da Chindit, Legas tana da Myohaung da Arakan da Tamandu, can Tamale ta ƙasar Gana akwai Kaladan. Kwandastan mota yana kiran wasu daga cikin sunayen nan kullum, bai taɓa tambayar daga ina suka fito ba. In ka cire Chindit, wanda sunan wata runduna ce, da Arakan, wanda sunan yankin ne kansa, sauran duk sunayen koguna ne da garuruwa na wani zirin ƙasa a gaɓar yammacin Bama, wadda yau ake kira Myanmar. Ba Bama ta Borno ake nufi ba.

A wannan zirin, Arakan a da, jihar Rakhine a yanzu, Runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan daga ƙarshen 1943 zuwa tsakiyar 1945. Lambobin biyu suna nan da ransu: rundunar sojan Najeriya da ke Legas ta gaji 81, ta Inugu ta gaji 82. Da yawa daga cikin mutanen 'yan Arewa ne, Hausa kuwa ita ce harshen bariki tun zamanin Lugga. Har Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je can ya gaishe su a 1944.

Arakan ba ta da wani arzikin a-zo-a-gani da zai sa Ingila ta zubar da jini a kanta. Abin da ake nema wurin saukar jiragen sama ne, da fari a tsibirin Akyab, daga baya har da na Ramree. Saboda su sojan ƙasa ya yi tattaki, saboda su sojan ruwa ya yi fito. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane dalilin kowane mataki da aka ɗauka, har da na ƙarshe mai ɗaci.

Ƙasar da ba ta karɓar mota

Tekun Bengal yana yamma. A gabas duwatsu ne masu duhun daji suka raba Arakan da kwarin kogin Irrawaddy, kuma mashigi biyu ne kawai na kirki ke ratsa su, na An da na Taungup. Tsakanin teku da dutse koguna ne ke gangarowa daga arewa, Kalapanzin da Kaladan da Lemro, kowanne da ɗaruruwan ƙoramu da mutanen wurin ke kira chaung. Kusa da teku ƙoramun nan suna bin cikowa da janyewar ruwa: inda ka tsallaka da safe ruwa iya gwiwa, da la'asar ya sha kan mutum. Ruwan sama na shekara ya ninka na Kano kusan sau biyar, yana zuba ne daga Mayu zuwa Oktoba. Saboda haka rani kaɗai ake yaƙi. Da damina sauro da atuni da matsattsaku ne ke mulki.

Japan ta kama Rangun, babban birnin Bama a lokacin, a Maris 1942, ta kama Akyab a Mayu. A Disamba na wannan shekara Ingila ta yi yunƙurin farko na dawowa. Shirin asali shi ne a sauke sojoji a Akyab ta ruwa, amma jiragen fiton da ake buƙata ba su samu ba, sai aka tura Runduna ta 14 ta Indiya ta bi gaɓa a ƙasa. A Donbaik ta ci karo da ramukan Japan, waɗanda aka rufe da gungume da ƙasa har harsashin igwa ba ya fasa su. Aka yi ta kai hari gaba da gaba, ana ta kwasar gawa. Can sai Japanawa suka ratsa duwatsun da turawa suka ɗauka ba sa ratsuwa, suka ɓullo ta baya suka datse hanyar abinci. Zuwa Mayu 1943 an koma inda aka faro, zazzaɓi ya kwantar da waɗanda harsashi ya bari.

Dabarar Japan ke nan tun farkon yaƙin, ba ta kuma taɓa ba ta kunya ba. Sojan Ingila a ɗaure yake da hanyar mota. Ka tare hanyar, dole ya juya ya yi faɗan buɗe ta, yana juyawa ka hau shi.

A ƙarshen 1943 an sake sa rai da teku. An naɗa Mountbatten babban kwamandan yankin Kudu Maso Gabashin Asiya, an tara masa jiragen fito. Amma bayan taron Tehran, inda Roosevelt da Churchill da Stalin suka tsayar da maganar shiga Faransa, sai aka kwashe jiragen aka mayar Turai. A Janairu 1944 aka yi saukar Anzio a Italiya, a Yuni aka yi ta Normandy. Bama ita ce 'yar bora a gidan, sai abin da ya ragu take samu.

Abinci daga sama, dako a ka

An kafa Runduna ta 81 a Najeriya a Maris 1943, ƙarƙashin Manjo Janar Woolner. Ta zagaya ta ƙarshen Afirka ta Kudu a jirgin ruwa ta sauka Bombai. Tun kafin ta ga abokin gaba aka zare mata birged ɗaya cikin uku, bataliyoyi uku na 'yan Najeriya, aka ba Janar Wingate don rundunarsa ta Chindit, mai yaƙi a bayan layin Japan. Asalin sunan barikin Zariya ke nan. Aka bar ta da birged na mutanen Gana, da wani mai haɗe da 'yan Najeriya da Saliyo da Gambiya.

Aikin da Janar Christison, kwamandan dukan sojojin Arakan, ya ba ta shi ne ta shiga kwarin Kaladan ta tsare gefen hagu, kada Japanawa su sake ɓullowa ta baya yayin da rundunonin Indiya ke matsawa ta gaɓa. Babu hanya zuwa Kaladan. Sai suka sare ta da hannu, kusan mil 75 daga Chiringa zuwa Daletme, da adda da diga da shebur, faɗinta daidai wucewar ƙaramar jif. Da suka shiga kwarin a Janairu 1944 sai suka juya wa hanyar baya. Daga nan komai daga sama yake zuwa. Ita ce cikakkiyar runduna ta farko da aka ciyar da ita kacokan ta jirgin sama.

Ga yadda abin ke gudana. Ana neman fili, yawanci gonar shinkafa da aka girbe ko bakin yashi, a shimfiɗa alama a ƙasa, a buga waya a faɗi wurin. Jiragen Dakota su taso daga filayen Bengal, su sauko ƙasa-ƙasa suna zagaye, ƙofar gefe a buɗe, mutanen ciki suna turo kaya. Harsashi da magani da duk abin da zai fashe ana ɗaura musu laima. Buhun shinkafa kuwa haka nan ake sako shi, kuma wanda tsautsayi ya sa ya tsaya a ƙarƙashinsa ya gama yawo. Laima ta yi ƙaranci har sai da aka koma ɗinka ta da algarara a Kalkata. Wanda ya ji rauni kuma, a share ɗan fili a gona, ƙaramin jirgi ya sauka ya ɗauke shi.

Sai dai jirgi a fili ɗaya yake zubarwa, soja kuwa yana kan tudu mil da yawa daga nan. Wannan giɓin 'yan dako ne suka cike shi. Rundunonin Indiya alfadarai suke amfani da su, na Afirka ta Yamma kuwa suna da dubban mutane waɗanda aikinsu ɗaukar kaya a ka. Sojoji ne masu lamba da kaki, amma da yawansu adda ce kaɗai makaminsu. Su ne ke ɗaukar akwatin harsashi da na'urar waya, da ƙananan igwa da aka warware gunduwa-gunduwa, da majinyaci a kan makara. Su ne ke sare daji su share filin jirgi. Alfadari yana da gangaren da ba ya hawa, ga shi sai an jefo masa harawa. Mutum da gammo babu inda bai hawa. Idan ana yabon wannan yaƙi jirgin Dakota ake fara ambata, ya kuma cancanta, amma in da babu wuyan mutanen nan da kayan sun ruɓe a inda suka faɗo.

A farkon Fabrairu 1944 Japan ta sake jarraba tsohuwar dabararta, wannan karon a kan Runduna ta 7 ta Indiya. Sojojin Janar Sakurai na Japan suka zagaya ta baya, suka tarwatsa hedkwatar Janar Messervy, kwamandan rundunar, suka datse mashigin Ngakyedauk. Ma'aikatan ofis da direbobi da masu dafa abinci da 'yan tankokin yaƙi suka tattaru a wani kwari a Sinzweya, wanda faɗinsa bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, Japanawa a kan tuddai kewaye da su. Har asibitin sansanin aka shiga da dare aka kashe likitoci da majinyata. Amma umarnin da Janar Slim, shugaban su Christison mai jagorantar yaƙin ƙasa na Ingila a Bama, ya bayar shi ne kowa ya tsaya inda yake, abinci zai zo. Ya kuwa zo, fiye da tan 2,000. Jiragen Spitfire da aka kawo 'yan watanni kafin nan sun riga sun karya lagon jiragen Japan, saboda haka Dakota ta samu sarari. Japanawa guzurin 'yan kwanaki suka ɗauko, da nufin su ci na abokan gaba. Bayan kusan mako uku masu ƙawanya ne ke jin yunwa, suka janye. Wannan ne karo na farko da aka kayar da Japan a babban faɗa a Bama.

A Kaladan kuwa labarin bai yi daɗi haka ba. Runduna ta 81 ta kai Kyauktaw, har ta wuce. Sai umarni ya riƙa zuwa iri biyu: ku tsare kwarin, ku kuma matsa yamma ku datse wa Japanawa hanya. Birged biyu ba sa iya raba ƙafa haka. A farkon Maris Kanar Koba na Japan ya ɓullo ta gabas ya ƙwace wani tudu mai ɗakin ibadar Buda da ke kallon Kyauktaw, rundunar ta ja da baya. A cikin wannan rikicin ne aka yi wa wata tawagar asibiti kwanton ɓauna a bakin kogi. Isaac Fadoyebo, wani matashi daga yankin Owo, harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi a matsayin gawa. Wani manomi Musulmi na ƙauyen ya ɓoye shi, shi da wani ɗan Saliyo, yana ciyar da su wata tara har sojoji suka dawo. A watan Agusta aka sauke Woolner. A ganina an ɗora wa rundunar laifin da ba nata kaɗai ba. Wanda ya zare mata kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta, ya kuma aike ta wuri biyu a lokaci guda, shi ma yana da kaso.

Mil 250

Bayan Japan ta sha kashi a Imphal da Kohima, garuruwan Indiya kusa da iyakar Bama, a tsakiyar 1944, Slim ya shirya bin ta har tsakiyar Bama. A nan lissafi ya shigo. Dakota tana da riba ne idan tafiyar ba ta wuce kimanin mil 250 ba. Ta wuce haka, man da za ta ɗauka don kanta ya fara cinye wurin kaya. Daga filayen Imphal da Chittagong ana iya ciyar da sojoji har wajen Mandalay. Daga nan zuwa Rangun kuwa sai an samu fili mafi kusa, kuma wanda jirgin ruwa zai iya kawo masa kaya kai tsaye daga Kalkata. Ka ɗora ma'auni a kan taswira, Akyab da Ramree ne amsar.

Jiragen ma ba tabbas gare su ba. A Disamba 1944 Amurka ta janye Dakota 75 dare ɗaya ta tura su Sin, saboda Japan na tattake sojojin shugaban Sin na lokacin, Chiang Kai-shek, a can. Wanda ke cin abincin aro ba ya zaɓen lokacin da za a ɗauke kwano.

Christison ya motsa da runduna huɗu: ta 25 da ta 26 na Indiya, da ta 81 da ta 82. Ta 25 ta Indiya ta bi gaɓa, jiragen ruwa suna ciyar da ita. Ta 82, wadda ta iso Indiya a tsakiyar 1944 da birged biyu na Najeriya da ɗaya na Gana, ta kama Buthidaung a Disamba ta gangara kwarin Kalapanzin. Ta 81, yanzu ƙarƙashin Loftus-Tottenham, ta riga ta koma Kaladan tun Oktoba, tana bin kan duwatsu maimakon bakin kogi. Matsin da ta yi wa Myohaung, cibiyar hanyoyin Japan a yankin, shi ya sa suka fara kwashe mutanensu daga gaɓa.

An shirya wa Akyab gagarumin hari, da manyan jiragen ruwa da na sama. Ranar 2 ga Janairu 1945 wani hafsan igwa da ke shawagi a ƙaramin jirgi ya lura babu motsi a tsibirin, sai mutanen gari suna ɗaga masa hannu. Ya sauka. Japanawa sun fice tun kwana biyu da suka wuce. Washegari aka sauke sojoji babu harbi ko ɗaya. Wurin da aka yi shekara biyu ana mutuwa saboda shi, haka aka same shi a buɗe.

Daga nan teku ya fara biyan bashin da aka daɗe ana bin sa. Runduna ta 54 ta Japan, ƙarƙashin Miyazaki, tana da hanya ɗaya ta janye igwa da motocinta zuwa kudu, kuma hanyar tana bin kusa da gaɓa. Dabarar Christison ita ce 'yan Afirka su koro su daga arewa, jiragen fito su riƙa sauke sojoji a gabansu. Abin da Japan ta saba yi wa mutane ta daji, yanzu ana yi mata shi ta ruwa. Ranar 12 ga Janairu sojojin kundunbala na Ingila suka sauka a Myebon, wasunsu ruwa ya janye ya bar su cikin laka iya ƙugu. Ranar 22 suka shiga Kangaw, ba ta inda ake tsammaninsu ba. Sun bi wata ƙorama mai kwana-kwana cikin dajin da ke tsirowa a ruwan gishiri, irin na Neja Delta, shiru babu luguden wuta, suka haye wani ɗan tudu da taswira ta kira 170. Jiragen ruwan yaƙi na Indiya, Narbada da Jumna, suna cikin ƙoramu suna ba su kariya da igwa. Miyazaki ya san in tudun ya tafi hanya ta tafi. Ranar 31 ga wata ya turo duk abin da yake da shi, aka wuni ana faɗa har da gurneti hannu da hannu. Da gari ya waye gawar Japanawa fiye da 300 ce a kan tudun.

Ana cikin wannan, Runduna ta 81 da ta 82 suka haɗu a Myohaung, wato tsohon birnin Mrauk U mai ɗaruruwan ɗakunan ibada, fadar sarakunan Arakan na da. Ta faɗi a hannunsu wajen 24 ga Janairu, ranar da sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a matsayin ranar tunawa. Daga nan aka mayar da ta 81 Indiya ta huta, bayan rani biyu a daji.

Ramree kuwa an sauka ranar 21 ga Janairu. Babban jirgin yaƙi Queen Elizabeth ya yi luguden wuta a kan tuddan Kyaukpyu, jiragen sama suna nuna masa inda harsashinsa ke faɗawa, Runduna ta 26 ta Indiya ta haye. Japanawa kusan dubu suka ƙi miƙa wuya suka faɗa fadama suna neman tsallakawa. Akwai labarin da ke yawo a intanet cewa kadoji ne suka cinye kusan dukansu a dare ɗaya. Masana tarihi ba su yarda da shi ba. Ƙishirwa da cuta da nutsewa da harsashin jiragen sintiri sun isa su yi wannan aikin, kuma ɗaruruwa sun tsira.

Dalet

Filaye biyu sun samu, injiniyoyi sun duƙufa a kansu. Saura aiki na biyu da Slim ya roƙa: a riƙe Runduna ta 54 a Arakan, kada ta tsallaka duwatsu ta faɗo masa a Irrawaddy. Wannan ya faɗa kan Runduna ta 82, wadda Hugh Stockwell ya karɓi jagorancinta a Janairu. Birged ɗin Gana ya nufi An ta wajen Tamandu, 'yan Najeriya suka biyo ta arewa suka tsallaka ƙoramar Dalet. Wurin duk tudu ne mai kaifi da gora mai sarƙaƙiya, Japanawa kuma sun san nan ce ƙofarsu ta ƙarshe. Suka zagaye birged ɗin Gana, suka kafa masa igwa, har birgediyansa ya ji rauni. Sai da 'yan Najeriya suka fasa ta wajen Letmauk aka fito da su, 'yan dako ɗauke da majinyata.

Daidai wannan lokacin, a Maris 1945, Slim yana tsakiyar faɗan Meiktila da Mandalay, kowace Dakota yana bukatarta. Aka yanke shawarar a janye mafi yawan jiragen da ke ciyar da sojojin Arakan a mayar masa. A lissafin yaƙi ba za ka ce an yi kuskure ba, don can ne ake yanke hukuncin Bama gaba ɗaya. Amma mutanen da aka koya wa barin hanya su dogara da sama, an ɗauke musu saman suna tsakiyar dutse. Dole aka fasa kama An, aka sauko da su gaɓa inda jirgin ruwa zai iya kai musu shinkafa. Wani ɓangare mai yawa na sojojin Miyazaki ya bi mashigin ya fice, Slim kuma bai ɓoye ɓacin ransa ba. A duk rundunonin Christison babu wadda ta yi asarar mutane kamar ta 82, fiye da 2,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace.

A watan Afrilu jiragen da ke tashi daga Akyab da Ramree ne suka ciyar da sojojin Slim a tserensu da damina zuwa kudu. Daga tsibiran biyu kuma Runduna ta 26 ta shiga jiragen ruwa ta nufi Rangun. Ranar 1 ga Mayu sojojin laima na Gurkha suka dira a bakin kogin, ranar 3 aka shiga birnin. Nan ma Japanawa sun riga sun tafi, fursunonin yaƙi sun rubuta haka da manyan baƙaƙe a kan rufin kurkuku don matuƙa jirgi su gani.

Ranar da duniya ke kallon hotunan Rangun, Runduna ta 82 tana can tana bin gaɓa, ta wuce Taungup ta nufi Sandoway. Ta isa Gwa a tsakiyar Mayu, ruwa ya riga ya sauka. A Bama ta yi wannan daminar, kuma yawancin mutanenta sai a 1946 jirgi ya sauke su a Legas.